Kaset ɗin da Ya Maƙale a Motar Kawu

Shekarar da na gama sakandare a Gummi, ciwon baya ya kwantar da Kawu, ƙanen Innata, sai ya miƙa mini makullin a-kori-kurarsa. Tsohuwar mota ce, da igiya ake ɗaure ƙofar gefen fasinja, kuma ba ta tashi sai da turi. Aikina jigila tsakanin Gummi, Bukkuyum da Nasarawa Burkullu: buhunan gero da dawa a ƙasa, mutane a kan buhuna, awaki duk inda suka samu.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga Filato, da aka turo ɗakin shan magani na Nasarawa Burkullu. Kowa Sista yake ce mata. Duk ranar da ta shigo Gummi ɗaukar magani, ni ke mayar da ita, kuma gidan gaba nata ne. Wata rana farkon damina, mun bar gari kenan, ta zaro kaset daga jakarta.

"Direba, ka sa mini wannan. Wana ne ya ba ni."

A jikin kwalin akwai hoton wasu Turawa huɗu, ramammu, gashi har kafaɗa, sun jingina da bango sun ɓata rai kamar waɗanda aka sace wa akuya. Ta ce masu kiɗan rok ne, kuma wannan ne kundin waƙoƙinsu na farko. Ban san rok ba, amma ban so ta gane ba. Na ce ai na daɗe ina jin labarinsu, na cusa kaset ɗin.

Da farko shiru. Sai wata ƙara ta tashi kamar ana yaga kwanon rufi, ganguna suka biyo baya, wani mutum ya kwarma ihu. Na taka burki ban sani ba. Wani tsoho a baya ya buga rufin motar da sandarsa, ya leƙo ta taga.

"Kai yaro! Wa aka yankawa cikin motag ga?"

Na danna maɓallin fitar da kaset, ya ƙi. Na sake dannawa, maɓallin ya shige ciki bai dawo ba. Na kashewa kuwa tun zamanin Kawu ya mutu, na rage murya ya daɗe da faɗuwa. Rediyon kuma irin mai juya kaset da kansa ne, in gefe ɗaya ya ƙare sai ya kama ɗayan. Haka muka isa Nasarawa Burkullu, Sista tana dariya har da hawaye.

Washegari na kai motar wurin mai gyaran wayoyin mota a tashar Gummi. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya yanke waya ɗaya: oda ta mutu, kiɗi na nan. Ya yanke ta biyu: fitilu suka mutu, kiɗi na nan. Ya yanke ta uku, kiɗi ya tsaya, mota ma ta tsaya. Ya mayar da komai yadda yake, ya kakkaɓe hannu.

"Wanda yah haɗa wayag ga, shi da Allah. In kana son mota ta yi tahiya, sai ka yi haƙuri da mutanen ga."

Na ce to a cire lasifika mana. Ya nuna mini inda aka yi musu walda a cikin ƙofofi. Da na kai wa Kawu ƙara, yana kwance a kan tabarma, tambaya ɗaya ya yi: motar tana tafiya? Na ce tana yi. Ya juya mini baya.

Makon farko da ciwon kai nake komawa gida. Mako na uku na kama kaina ina buga sitiyari tare da mai ganga. Waƙoƙi tara ne, na haddace jerinsu kamar sunayen ƙannena. Na san inda mai jita, wato garayar Turawa, zai saki wannan dogon kukan nasa, har nakan jinkirta sauya giya don mu sauya tare. Ina ɗan shekara goma sha tara, ga hanya, ga gero kore dama da hagu, ga wasu samari a wata ƙasa suna ihu a madadina. Na fara tara gashi. Wata biyu ya yi, Inna ta kira wanzami har gida, ta zauna a bakin ƙofa da muciya har aka gama.

Fasinjoji ma suka saba. A ƙauyukan hanya ba a ƙara jiran oda ba, tun daga nesa ake jin jita, mata su ɗaura kaya su fito. Akwai amshin waƙa ta biyu da kunnen mutanenmu ya ji kamar "a ba ni gero", duk bayan mota sai ya ɗauka. Matan Fulani masu kai nono kasuwa ta huɗu suka fi so, wata mai sanyi, in ta zo sai su daina hira. In muka kafe a laka, da ganga ake turi, ba sai na ƙirga wa kowa ba.

Ranar da na fi shan wuya ita ce ranar da Kawu ya ce in kai limamin unguwarmu da dattawa bakwai ta'aziyya Anka. Na cusa tsummoki a bakin lasifika, na danne da tsohuwar babbar rigar Kawu. Ihun ya koma kamar na wanda ya faɗa rijiya, amma ana ji. Liman ya zauna gidan gaba yana jan casbaharsa. Ni kuwa gumi har cikin takalmi. Da waƙa ta huɗu ta zo, ya dakata da jan casbaha.

"Wai mi shika cewa?"

"Allah shi gafarta Malam, wai ya baro garinsu da uwatai, yana son komawa, ya rasa hanya." Haka na amsa masa, yadda Sista ta taɓa fassara mini.

Liman ya jinjina kai. "Ashe kewag gida ta. Shi yas sa shika kururuwa." Ya ci gaba da jan casbaha. "To shi tambayi mutane mana."

Dabarar da na shirya ita ce in kashe mota tun daga bakin gari, ta gangara da mu shiru har ƙofar gidan makoki. Na kashe. Ashe gangaren ba ya kaiwa. Muka tsaya cak a cikin yashi, gidan yana can ana hango rumfarsa. Dattawa suka sauka suka ƙarasa a ƙafa. Wasu samari masu kirki suka ga motar baƙi a tsakiyar hanya, suka turo ta har gaban rumfar, ina cewa su bari suna cewa ba komai.

Aka yi addu'a, aka yi gaisuwa, aka ci tuwo. Lokacin tafiya, rana ta yi sanyi, sai ga mai gidan, wanda mahaifinsa ya rasu, ya rako liman har jikin mota. Na roƙi a tura mu can nesa kafin in saki kuloci, amma samarin suka yi wani irin turi, ƙafata ta zame. Mota ta tashi. Girgizar ta zubar da tsummoki, kuma daidai nan kaset ɗin yake kan kukan jita mafi tsawo. Masu makoki suka zabura, wani ya bar takalminsa. Daga bayan mota sai muryar ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda ya saba bina kasuwar Bukkuyum, ta fito ba da saninsa ba: "A ba ni gero!"

Na so ƙasa ta tsage. Sai na ga kafaɗun mai gidan suna rawa. Ya rufe fuska da hannun riga, dariya yake yi, ya kasa tsayawa. Ƙanensa ya gaya mini daga baya cewa tun ranar rasuwar ba a ga haƙorinsa ba sai ran nan. Liman ya hau, ya ɗaure igiyar ƙofa da kansa, ya ce, "Mu tahi, kahin su gama mamaki."

A damina ta biyu zaren kaset ɗin ya tsinke, muna tsakiyar hanyar Nasarawa Burkullu. Shirun ya ba kowa tsoro. A ranar na fara jin irin ƙarar da injin motar yake yi, na gane mun daɗe muna tafiya da ikon Allah. Wata tsohuwa ta taɓa ni ta taga ta ce, "Ɗana, mai ihun ya rasu?" Bakanike ya ɓalle rediyon da guduma da kurfi, ya ciro kaset ɗin. Na kai wa Sista a leda ina ba ta haƙuri. Ta ce in riƙe, ita dama bai taɓa burge ta ba, don wanta ne kawai take ajiye da shi.

Yanzu koyarwa nake yi, furfura ta fito. Bara ɗiyata ta nemo mini kundin a waya. Ashe sun yi wasu da yawa bayansa. Na gwada na biyu da na uku, sun iya kiɗi fiye da da, amma ban san su ba, na koma wa na farko. Kwanan baya a taron malamai da ya ƙi ƙarewa, na saƙala abin ji a kunne ɗaya, na rufe da hula. Ina can hanyar Bukkuyum ina gyaɗa kai da ganga. Sai da aka tashi abokan aiki suka zo suna yi mini murna. Ashe shugaban makaranta ya tambaya sau uku ko zan karɓi shugabancin kwamitin gyaran makewayi, sau uku kuma na gyaɗa kai. Har yau ni ne shugaba.