Jirgi Ta Ce

Yayata ta yi aure a Kumasi tun ina budurwa. Wani ɗan Kafur mai fataucin goro ne ya aure ta ya tafi da ita, ya rasu a can, ita kuma ta ci gaba da zama da 'ya'yanta a zango, cikin Hausawa. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a Bakori, ita ta koya mini tuƙin tuwo da faɗa da baki. A shekarar da nake ba da labarinta ciwon suga ya kwantar da ita, ƙafarta ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Da farkon damina ta aiko mini da saƙon murya a waya, ba ta ja shi da tsawo ba. Ta ce, "Ke, ki hau jirgi ki zo in gan ki. Jikin nan ba na jin daɗinshi." Babban ɗanta ya biyo da nasa saƙon, ya ce in dai na shirya, shi zai biya kuɗin tikiti.

Na kai wa maigidana wayar yana cin tuwon rana. Alhaji manomin masara ne, kuma ɗan kasuwarta. Da kaka ya shiga kasuwar Bakori ya saya, ya haɗa da tasa ya kulle a sito, ya zauna jiran ta yi tsada. A Funtua wannan ba abin kunya ba ne, sana'a ce, kuma da ita aka gina gidan da muke ciki. Illarta ɗaya, tana shiga jinin mutum. Alhaji bai taɓa sayar da abu ranar da aka taya ba, bai taɓa sayen abu ranar da ake buƙatarsa ba.

Ya saurari saƙonnin biyu, ya siɗe hannu, ya ce, "Wa zai biya wa matata kuɗin tafiya ina raye? Ni zan kai ki da kaina."

Allah ya sani na ji daɗi. Har na fara tunanin tsarabar da zan yi, daddawa da kuka da man shanu.

Sai ya ƙara da cewa, "Kuma kin ji abin da ta ce. Jirgi ta ce."

"Eh, jirgi. Na sama."

"A ina kika ji na sama? Sake kunna mani."

Na sake kunnawa. Gaskiya ba ta ce na sama ba. Wa ke cewa na sama? Yanzu kowa ya ce maka zai hau jirgi zuwa wata ƙasa, ka san ba kwalekwale yake nufi ba. Alhaji ma ya sani sarai, domin ba a kan jaki ya je Makka ba. Amma ya samu ƙofa a cikin kalmar, ya shige, ya ja ƙyaure. Ya ce jirgin sama na masu almubazzaranci ne, jirgin ƙasa shi ne na talaka da mai hankali, arha ga kwanciyar rai, ga mutum ya ga ƙasashe. Ya ba ni labarin da na haddace tun ina amarya, yadda mahaifinsa ya taɓa ɗaukarsa a jirgi daga Funtua zuwa Zariya, ana loda dilar auduga a tarago, suna cin dafaffen rogo a kowace tasha. Ni kuwa nan nake bi ta tashar in zan je unguwa. Awaki ne ke kwana a kan layin dogo, mata na shanya barkono inda fasinja ke tsayawa a da.

Aka kafa majalisa a zaurenmu, kullum bayan la'asar. Mashawartan biyu ne. Akwai Malam, tsohon hedimasta ɗan Malumfashi, mai babbar waya da tabarau. Akwai kuma wani dillalin hatsi ɗan Dayi, wanda ya taɓa raka motar wake zuwa Kwatano, tun daga nan ya zama jakadan ƙasashen waje. Madafata na jingine da bangon zauren, don haka duk abin da aka tsara ya bi ta kunnena. Da na kai masu ruwa sai na ga aikin da idona. Sun shimfiɗa tabarma, ƙwayar masara ita ce gari, sillen kara shi ne layin dogo. Ga Funtua, ga Kaduna, ga Legas, ga Kwatano, ga Lome, ga Kumasi can bakin tabarma, kusa da takalman Malam.

Tsarin farko ta kudu ne. Daga Funtua sai mu ɗan hau mota zuwa Kaduna, tunda namu jirgin yana hutawa. Daga Kaduna jirgi zuwa Abuja. Daga Abuja mu ɗan hau mota zuwa Badun, daga Badun jirgi zuwa Legas. Daga Legas mu ɗan hau mota zuwa Kwatano. Dillali ya ce ya ga layin dogo a Kwatano da idonsa, sai dai ya fuskanci arewa ne, ba inda za mu ba, kuma bai ga komai na tafiya a kansa ba. To mu ɗan hau mota zuwa Lome. Na tsaya da tire a hannu ina jin wannan "ɗan" yana cinye ƙasashe. Na ce, "Alhaji, wannan ai tafiyar mota ce da ake ɗan tsoma ta a jirgi." Ya ce in koma ciki, maganar taswira ba ta mata ba ce.

Ranar da aka fi murna ita ce ranar da Malam ya gano jirgin Ankara. Mu nan, tsofaffinmu babban birnin Gana Ankara suke ce masa, haka Yaya ma take faɗa. Malam ya rubuta sunan a wayarsa kamar yadda ya ji shi a bakin iyayensa, sai ga hotuna. Farin jirgi mai dogon hanci, kujeru kamar na falon gwamna, yana gudu kamar an harba shi. Alhaji ya kira ni da babbar murya in zo in ga abin da nake rainawa. Dillali ya ce shi dama ya daɗe da sanin Gana ta wuce mu. Aka yi ta kabbara. Ni ce na ce, "Malam, su mutanen Ganar yaushe suka yi fari haka? Kuma mene ne wannan farin abu a kan duwatsunsu?" Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ashe ta Turkiyya ce. Ba wanda ya yi dariya sai ni, kuma a madafa na yi ta, har da hawaye, ban san na wanne ba ne.

Sai aka koma tsarin arewa. An ji a rediyo ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi. Alhaji ya ce shi ke nan, abin ya zo har ƙofar gida. Daga Maraɗi mu ɗan hau mota zuwa Yamai, mu ɗan ƙara zuwa Wagadugu, inda Malam ya tabbatar akwai jirgi na gaske. Na leƙo na tambaya ko Kumasi yake zuwa. Aka ce a'a, Abijan yake zuwa, amma ai maƙwabta ne. Na ce shi kuma na Maraɗin yaushe za a gama shi? Alhaji ya ce, "Ana kan aiki." Ana cikin haka kazata ta shiga zauren ta tsince Lome da Wagadugu. Ban kore ta ba.

Duk wannan lokacin Yaya na aiko da saƙo. "Kun taso?" In ce mata ana shiri. Aka yi noman farko, aka zuba taki, masara ta yi goyo, ina ce mata ana shiri. Muryarta ta riƙa sirancewa. Daga baya ta daina tambaya, sai ta gaishe ni ta tambayi ruwa. Wannan ya fi ci mini rai, domin Yaya ba mai barin magana ba ce.

Na yi faɗa, kada wani ya ce ban yi ba. Na ce ya bar ni in karɓi tikitin ɗanta. Ya ce so nake a zage shi a Gana. Na ce to ya biya da kansa, ga sito cike. Ya ce masara ba ta kai ba tukuna, wanda ya sayar yanzu ya yi wa kansa sata. Na ce zan bi matan da ke sarin atamfa, mota ɗaya ce har can. Ya ce mace ita kaɗai a kan iyakoki, da ransa? Kowace ƙofa na taɓa, akwai dalili mai kyau a tsaye a bakinta. Abin haushin ma ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ya yarda har zuciyarsa cewa zai kai ni, kawai dai yana jiran tafiyar ta yi arha, kamar yadda yake jiran masara ta yi tsada.

An gama girbi, ana sussuka, wata safiya ina wanke-wanke ɗan Yaya ya kira. Da na ga kira ne ba saƙo ba, na ajiye kwanon.

Aka yi zaman makoki a gidanmu. Mata suka cika tsakar gida, maza suka cika zaure suna yi wa Alhaji gaisuwa, yana amsawa da kai a sunkuye. Ya yi sadakar masara buhu-buhu, ba wanda ya roƙe shi. Da jama'a suka ragu, na ji ta bango Malam na cewa da ma an bi ta kudun, dillali na cewa ina, ta arewa ta fi sauƙi. Da yamma Alhaji ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado. Idonsa ya yi ja, ya yi kuka, na gani. Ya ce, a hankali, da niyyar lallashi, "Hajiya, ki yi haƙuri. Za mu je gaisuwa insha Allahu. Yanzu kuma ba abin da ke korarmu, sai mu bi a tsanake."

 Ban gaya masa abin da ɗan Yaya ya faɗa mini a wayar ba, har yau. Yaya ta bar wasiyya, ta faɗa wa 'ya'yanta ta faɗa wa maƙwabta, cewa ƙanwarta ce za ta yi mata wanka, tana nan tafe. Da ta cika da asuba, matan unguwa suka ƙi taɓa ta. Suka ce a kira a ji inda na iso, ko ina kusa a ɗan jira ni. Sai yaron ya ce masu na yi nisa.

Wata maƙwabciyarta ce, tsohuwa 'yar ƙabilar Mosi mai sayar da koko, ta yi mata wankan. Ban san sunanta ba, ban taɓa ganinta ba. Kowace sallah ina sa ta a addu'a kafin in sa mijina.