Waƙar Jana'iza a Bakin Turmi

A gidanmu ba a yin komai shiru. Baba kafinta ne, shi ke ɗaga waƙa a ɗan cocinmu na Isa ranar Lahadi, amma Mama ta fi shi murya, shi ma ya sani. Da waƙa take tashinmu da safe, da waƙa take yi wa jariri wanka, in ranta ya ɓaci ma akwai wadda take ja ta hanci, mu kuwa kowa ya shiga taitayinsa. Mu Kirista gidaje kaɗan ne a garin, don haka ba a wahalar kwatancenmu. Sai dai a ce gidan masu waƙa.

Inda waƙar ta fi amfani shi ne bakin turmi. Ni ce babbar 'ya, tun ina shekara goma sha wani abu ni da Mama muke daka, turmi ɗaya taɓarya biyu. Waƙa ce ke raba mana bugu, ta sauke in ɗaga, in sauke ta ɗaga. In babu waƙa taɓare su yi karo, in sha ranƙwashi. Mama masu sauri take zaɓa, na godiya da na kaka, har ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe.

Katanga ce kawai tsakaninmu da Gwaggo, wata Bagobira Musulma wadda aure ya kawo ta daga Unguwar Lalle tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa taka cocinmu ba, amma kunnenta ya haddace waƙoƙinmu kaf. Ta san ta suna, ta san ta aure, ta san wadda Mama ke yi in Baba ya yi laifi. Sai ka ji muryarta ta tsallako katanga: "Ɗiyata, yau ta buki kunka ɗauko, halama an samu nama?" Mama ta yi dariya ta ce wa ya ga nama.

Akwai waƙa ɗaya da Gwaggo ta ji sau biyu kacal a gidanmu: ranar da kakata ta rasu, da ranar da aka binne wata ƙanwata tana jaririya. Waƙar jana'izarmu ce. A hankali ake jan ta, tana magana a kan matafiyin da ya gaji ya sauke kayansa.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Fulani na kora shanu kasuwar Sabon Birni suna rabuwa da su kamar kyauta. Wanda ba shi da na tuwo ba ya neman ƙofa ko kujera, don haka aikin Baba ya mutu murus. Ya shiga motar Sakkwato neman aiki, ya bar mana ɗan hatsin da ya rage a rumbu, ya ce ba zai daɗe ba. Ya daɗe.

Hatsin ya ƙare. Muka koma ganyen tafasa da 'ya'yan anza, masu ɗacin nan da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciyu. Mu manya muna haɗiyewa haka nan. Autanmu kuwa, wanda bai daɗe da barin nono ba, cikinsa ya ƙi. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, kukansa ma ya zama ƙasa-ƙasa.

A unguwa irin tamu ba a tambayar wa ke da abinci, turmi ke faɗa. Gidan da aka kwana biyu ba a ji taɓarya ba, kowa ya san abin da ke ciki. Mama kuwa ta ce sam, ba za a ji gidan masu waƙa ya yi tsit ba. Cewa take yi ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni ma na goyi bayanta, har na fi ta zafi, don girman kaina a lokacin ya fi ƙarfin jikina. Gara in kwana da yunwa da a ce 'yan matan rijiya su dube ni da tausayi.

Sai muka shiga share gindin rumbu muna kwaso tsohon ƙaiƙayi. Kowace safiya mu zuba a turmi mu daka, Mama na rera waƙar godiya. In an sheƙe, wani lokaci a sami ɗan tsakin da bai cika tafin hannu ba, a dama wa auta. Amma gaskiyar magana ba don tsakin muke dakan ba, don kunnen maƙwabta muke yi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hannu. Waƙa mai sauri tana son mai ƙoshi. Kullum taɓarya ƙara nauyi take yi, bugu na ja baya, waƙar ta wuce ta bar mu. Ran nan da hantsi, bayan auta ya kwana yana zawo, muka tsaya bakin turmi babu sauran ƙarfi. Mama ta ɗauko ta kaka, muka kasa bin ta. Ta saki ta kama wata, ita ma haka. Tana ta laluben wadda za ta yi daidai da hannunmu, har bakinta ya faɗa kan waƙa ɗaya tilo da take da ita mai tafiyar hawainiya. Ba ta ma lura ba. Ni na lura, amma bugu ya zauna daidai, na ji daɗin hakan, na yi shiru.

Mun rera ta har ƙarshe, mun sake ɗaukowa, mun huta, mun koma. Muna cikin haka aka yi sallama. Gwaggo ce a gaba, mayafi ya rufe mata rabin fuska, bayanta surukarta da wasu mata uku na unguwa. Surukar na ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai. Suka durƙusa tun daga bakin zaure.

"Ya haƙuri, ɗiyata?" in ji Gwaggo, hawaye na bin zanen fuskarta. "Yaro ya huta. Allah shi ba ku dangana. Ga uban nai ba shi gari."

Mama ta tsaya riƙe da taɓarya, baki buɗe. Kafin ta haɗa kalma, auta ya yi 'yar ƙararsa daga ɗaki, ya rarrafo ya leƙo.

Matan suka dubi yaro, suka dubi Mama, sannan idanunsu suka gangaro kan turmi. Ni kuma, da wayona, na fizgo faifai na kife a bakinsa. Wa ya taɓa rufe turmi ana tsakiyar daka? Da na bar shi ma wataƙila a ce ba a gani ba. Gwaggo ta taso ta ɗaga faifan, ta ɗebo abin da ke ciki ta murza, ta hura. Duk ya tashi, babu abin da ya saura a tafinta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, "Gwaggo, ba a yi mutuwa ba. Ku yi haƙuri, kuskuren baki ne. Ku koma da hatsinku, ku ma kuna da yara."

Gwaggo ta goge hannunta a zane. "Ni dai waƙa nij ji. Kuma abin da anka kawo gidan gaisuwa ba a maishe shi." Ta nuna auta da haɓa. "In kin ƙi amsa yau, jibi za ni sake ɗauko shi, ran nan kuwa ba ki da bakin ƙi."

Mama ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta jingine taɓarya, ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu. Ta ce, "Mun gode, Allah ya ba da lada," yadda masu zaman makoki ke amsawa. Ni kuwa na ruga bayan rumbu na ɓoye fuska.

Da suka tafi na leƙa ƙwaryar. Gero ne da dawa da maiwa a gauraye, fari da ja, alamar daga gida gida aka tara, kowa da ɗan tafinsa. Wato unguwa duka ta ji, kuma kafin azahar za ta ji sauran. Na rantse ba zan sa hatsin gaisuwa a bakina ba. Kafin la'asar na shanye kason kununa har na lashe ludayi, ina sha ina kuka don haushin kaina.

Auta ya tashi. Ƙwaryar ta riƙe shi, wasu suka biyo bayanta ta kan katanga ba tare da magana ba, har Baba ya dawo da rabin buhu. Amma 'yan matan rijiya sun samu abin yi. Da na ajiye tulu sai wata ta marairaice fuska ta ce, "Ya haƙuri?" Na yi dambe a kan wannan kalma har aka gaji da raba ni. A coci kuma, duk ranar da aka ɗauko waƙar nan a jana'izar wani, bakina rufe yake. Na yi waƙa a aurena, na yi a sunan 'ya'yana, na shekara da shekaru ina jan waƙa a zumuntar matan coci a Sakkwato, amma wannan ɗayar da an fara ta sai in ji ƙaiƙayi a maƙogwarona. Har yau da furfurata kunyar ba ta sake ni ba.

Mama ta rasu a gidan nan na Isa, da damina, gero ya fi mutum tsawo. Auta, wanda ya zama ƙato da nasa iyalin, shi ya zo ya ɗauke ni. Mutanen coci suka cika tsakar gida, matan zumunta suka ce babbar 'ya ita ke ɗaga waƙa. Na duba hagu da dama, babu mai karɓa mini. Na ɗaga waƙar matafiyin nan.

Ba mu kai ƙarshe ba aka yi sallama. Gwaggo ce, ta tsufa tukuf, idanu sun tafi, jikarta na riƙe da sandarta, ƙwarya a ɗaya hannun yarinyar. Ba ta durƙusa ba. Ta tsaya bakin zaure ta laluba har ta kama hannuna, ta ja ni kusa.

"Ke ta?" in ji ta. "Hwaɗa mani, wanga karon da gaske na?"

Na ce mata da gaske ne, Gwaggo. Na sa hannu biyu na karɓi ƙwaryar.