Barewar Da Ta Daina Gudu

A Gubuchi aka haife ni, a gidan manoman rake da masara. In an ce in tuna gidanmu, ba zaure nake fara gani ba, ba kuma ɗakin Innarmu ba. Murhun Kaka Delu nake gani, a ƙofar ɗakinta, daura da rumbu. Ita ce mahaifiyar Babanmu, 'yar tsohuwa siririya wadda ba ta cika dariya ba, amma yaran unguwa sun fi son ƙofarta da ta kowa.

Da an ci tuwo, kafin a kira isha'i, sai ta tura guntayen kara cikin garwashin da ya rage, ta binne dankali a toka. Mu kuma mu zagaye ta da kwandon masara, domin Kaka ba ta ba hannun da ba ya aiki tatsuniya. Muna murje ƙwaya, muna jefa totuwa cikin wuta, hayaƙi na sa mu hawaye. In ta ga kwandon ya yi rabi sai ta gyara zama ta ce, "To ku kasa kunne, ga wata nan tafe." Mu kuma mu ce, "Ta iso, Kaka, an yi mata shimfiɗa."

A wancan lokaci ni ce mai gudu a unguwarmu. In za a aiki yaro gona da gaggawa, ni ake kira. A firamare kuwa, duk ranar da aka ja layi da toka a fili, kowa ya san wadda za ta fara isa. Ban taɓa tunanin abin ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin numfashinsa. Sai da muka shiga aji biyar aka kawo sabon hedimasta daga Kudan, ya zo da 'yarsa Saratu, doguwa mai fara'a. Ranar farko da muka tsaya a layi ɗaya, ta wuce ni tun kafin mu kai rabin fili. Da muka isa har ta dafa kafaɗata ta ce, "Kai, kina da gudu!" Wannan maganar ta fi wucewar yi mini zafi.

Da yamma na zauna a bakin murhu ban taɓa masarar ba.

"Bilki, wa ya ɗinke miki baki yau?" in ji Kaka.

"Ba kowa, Kaka."

Ƙanwata Hajara ba ta iya riƙe magana. Ta ce, "An wuce ta a gudu ne. Wata doguwa 'yar Kudan."

Kaka ta dube ni ta daɗe. Ta juya dankalin da tsinke, sannan ta fara wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce a wani daji an yi wata 'yar barewa da babu mai kamo ta a garkensu. Karnukan mafarauta ma sun san ta, in sun hango ta ba sa wahalar da kansu. Wata rana jimina ta biyo hanya daga arewa, ta tsaya shan ruwa a tafkinsu. Reshe ya karye a bayansu, dukansu biyu suka zabura, jimina ta wuce barewa ta bar ta. Da hankali ya kwanta, barewa ta dawo ta tsaya a kan sawun jimina tana aunawa. Taku ɗaya na jimina, uku nata.

Daga ranar, in garke ya fita tsere da safe, ita sai ta koma bakin tafki tana duban sawun nan. Ta gwada gudu da ƙafa biyu, ta faɗi ta kurje gwiwa. Ta je wurin wata tsohuwar gada ta roƙe ta maganin tsawon ƙafa. A nan Kaka takan maƙale murya ta yi ta tsofaffi:

"Ke yarinya, ƙafafun nan naki sun taɓa barin ki a bakin kare?"

"A'a, Iya."

"To me kike nema?"

"Na jimina sun fi su."

Barewa ta daina gudu a gaban kowa, wai kunya take ji. Ita kuwa jimina tuni ta koma ƙasarsu, ba ta ma san an yi tsere ba. Damina ta wuce, ruwa ya shafe sawun, amma barewa ba ta fasa zuwa wurin ba. Da rani mafarauta suka shigo. Garke ya watse. Barewa ta yunƙura, ta ji ƙafafun sun yi nauyi, duk da haka da ta miƙe da ta tsira. Sai dai tana tsakiyar gudu ta waiga gefe don ta ga ko jimina na kallonta. Nan karnuka suka cim mata.

Kaka ta shiga tono dankali.

"Sai me, Kaka?" muka tambaya.

"Sai me kuma? Ta ƙare. Ku miƙo hannu."

Hajara ta fara hawaye. "Ba wanda ya zo ya cece ta?"

"Wa zai zo? Kowa na ta kansa."

Tatsuniyoyin Kaka duka sukan ƙare da mugu ya sha kunya ko maraya ya sami gata. Wannan kaɗai ce ta bar mu da gawa a hannu. Na gane da ni take, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan zama barewar nan ba.

Na ci gaba da gudu har na shiga sakandare a Makarfi. An mayar da mahaifin Saratu Kudan, suka koma, amma ba ta fita daga kaina ba. In na ci tsere, abin da nake fara cewa a raina shi ne, don ba ta nan ne. Ina aji huɗu aka haɗa gasar makarantu a Ikara, aka sa ni a mita ɗari huɗu. Da muka jeru, sai ga ta a layin da ke damana, ta ƙara tsawo. Ta yi mini murmushi. Aka busa usur. Wallahi ni ce a gaba har kwanar ƙarshe. Sai na ji numfashinta a bayana, na waiga. Ban faɗi ba, ban yi tuntuɓe ba, ƙafafuna ne kawai suka saki. Ta wuce, wata ma ta wuce. Na zo ta uku.

Ta ukun ma tana cikin waɗanda za a kai Zariya zagaye na gaba. Na ce wa malaminmu ƙafata na ciwo. Da na je gida hutu, Kaka ta sa na miƙe ƙafar a cinyarta, ta mammatsa tun daga idon sawu har gwiwa.

"Nan ne ke ciwo?"

"E, Kaka."

Ta sauke ƙafar a hankali ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Ban sake tsayawa a layin tsere ba, kuma har Kaka ta rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Yau ni ce malamar wasanni a wata makarantar 'yan mata a Makarfi. Na zaɓi aikin ne da niyyar kada wata yarinya ta yi irin tawa. Sai na tarar abin ya fi na zamaninmu wuya. Ni Saratu ɗaya gare ni, kuma sai an yi gasa nake ganin ta. Yaran yanzu nasu na cikin waya. Kullum suna kallon 'yan matan birni a fili mai shimfiɗar roba, da takalma masu ƙusoshi, da masu horar da su, sannan su fito filinmu mai burji da kashin shanu su dubi ƙafafunsu.

Bara aka kawo mini Zulai, 'yar Malikanchi da ke zaune wurin gwaggonta a cikin gari. Tun da nake ban ga yarinya mai gudu irin nata ba. Da dogon wando da ɗan hijabinta da wani tsohon kambas take fita, amma in ta miƙe sai ka ji fili ya yi tsit. Na yi duk dabarar da na sani. Na hana su tambayar lokacin juna. Kowace yarinya da lokacinta na makon jiya take tsere, ni kaɗai ke riƙe da agogon waya, ni kaɗai ke raɗa mata sakamako a kunne. Nakan faɗa wa kowacce abu guda da ta fi iyawa, ba tare da na ambaci sunan wata ba. Zango guda abin ya yi aiki. Zulai har waƙa take yi in tana ɗaure takalmi.

Sai aka yi gasa a Kudan. Ta zo ta biyu, bayan wata yarinya da aka ce a Kaduna take yin hutu tana samun horo. Tazarar ba ta kai taku biyu ba. A mota kowa na murna, Zulai kuwa ta jingina kai da gilashi. Ranar Litinin ba ta fito fili ba. Mako biyu tana zuwa aji, in ta hango ni sai ta sauya hanya.

Na bi ta gida ranar Asabar. Muka gaisa da gwaggonta, aka tambayi aiki da mutanen gida da gajiya, sannan ta ce, "Malama, ni ban hana ta ba, babanta ma bai hana ba. Kullum tana riƙe da wayata tana kallon masu gudu, in ta gama ta kwanta." Ta kira ta, ta ba mu wuri.

Zulai ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa.

"Zulai, me ya faru?"

"Ba komai, Malama. Na dai gane ne."

"Kin gane me?"

"Ita wadda ta wuce ni, na nemo ta a waya. A Kaduna ko ta biyar ba ta zuwa. To ni ta nawa ke nan? Ashe duk wasan yara muke yi."

Na ce mata lokacin da ta yi a Kudan ya fi duk wanda ta taɓa yi. Na ce shekararta goma sha biyar, ƙafarta ba ta gama ƙwari ba. Tana ta cewa "to, Malama." Da dabara ta ƙare mini, sai na ba ta tatsuniyar Kaka, tun daga tafki har karnuka, na kuma gaya mata abin da ya same ni a Ikara, wanda ban taɓa gaya wa ɗaliba ba. Ta saurara da kyau. Da na gama sai ta ɗago kai, cikin ladabi, ba da rashin kunya ba, ta ce:

"Malama, ke da kika ji ta daga bakin mai ita, ta hana ki dainawa?"

Na sha ruwan da aka kawo mini, na yi sallama.

Bayan kwanaki na je Gubuchi, na ba Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, labarin. Da na kai kan tatsuniyar sai ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"Ai Bilki, labarin kanta take ba ku. Innarmu, wato kakarku, da tana budurwa ita ke ba da waƙa a dandali, har daga ƙauyuka ake zuwa ji. Sai aka kawo wata 'yar'uwarsu daga Janfalan mai murya kamar ta tsaga ƙasa. Dare ɗaya suka yi gaɗa tare. Daga ranar Inna ba ta sake waƙa ba. Ko a dutsen niƙa shiru take yi. Mu ma ba da waƙa ta rene mu ba."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin magani da aka ba ni na ƙi sha. Yanzu ina ganin Kaka ta san ba magani ba ce, shi ya sa ba ta kawo kowa ya ceci barewa ba. Ta faɗi abin da ta sani ne, yadda ya faru, ga jikar da ta ga alamar ciwon a fuskarta. Ita ba ta warke ba, ni ban warke ba, kuma ban san abin da zan faɗa wa ta gaba ba. Ina dai fita fili ranar Litinin da Alhamis da waɗanda suka rage, ina raɗa musu lokacinsu a kunne, ina ganin idanunsu na bin bayan juna.

Watan jiya, ranar kasuwa, ina tsaye wurin masu tumatir na hangi Zulai. Motar Ikara ta tashi ta bar ta, gwaggonta na ciki tana ɗaga hannu ta taga. Yarinyar ta rungume ƙullin kayanta ta bi motar. Ta ratsa tsakanin babura da buhunan barkono, kanta a miƙe, ba ta dubi dama ko hagu ba, kuma ba ta taɓa yin gudu mai kyan wannan a filina ba. Ta kamo motar kafin ta hau titi, aka ja ta ciki tana dariya.

Mai tumatir ya ce, "Kai! Yarinyar nan da za a sa ta a gasa, da ta ci."

Na ce masa, "An sa ta."