Ña Celsa da Muryar da Ta Kusa Ɓata

Kowace safiya Ña Celsa Ortellado takan ajiye butar tereré, shayin ganye mai sanyi na Paraguay, kusa da kwamfutarta, ta shiga bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Aikinta a ƙungiyarmu ta Asunción shi ne haɗa manhajojin kyauta da muke saka wa kwamfutocin makarantu. Kowane fayil daga shafin mai shi take ɗauko shi, kuma suna kaɗai ba ya isarta. Sai ta gwada lambar shaidarsa, wato jerin lambobin da ke sauyawa in an taɓa fayil, da wadda ta adana tun farko. In suka saɓa, aiki ya tsaya ke nan.

Ni direba ne, kai kaya ne nawa. Amma ina wurin ranar da aiki ya tsaya a kan ɗan fayil ɗin da ke sa kwamfuta ta yi karatu da murya a harshen Guaraní. Makarantar makafi a arewa na jiran kwamfutocin, ga hutu ya zo ƙarshe.

"Haba Ña Celsa, sunan fa ɗaya ne!" in ji Fulgencio, abokin aikinta. Ya nuna ni. "Ki ɗaga ƙafa mu sallami Don Isabelino, ya gaji da gadin mota."

"Fulgencio nawa ne a unguwarku?" ta ce. "Duk wanda ya ƙwanƙwasa, buɗe masa matarka take yi?"

Ya yi dariya, ya koma bincike. Ashe malamin da ya naɗi muryar ya rasu, wasu sun saye shafinsa, abin da ke saukowa da sunan fayil ɗin tallan takalma ne. Fulgencio ne ya gano inda matar marigayin take, ni kuma na kai Ña Celsa har Caacupé. Tsohuwar ta kunna mana kwamfutar mijinta tana share hawaye. Fayil ɗin na ciki, lambarsa kuma ta yi daidai. Da izininta aka ajiye kwafi inda kowa zai samu, ko wane shafi ya mutu.

Da na sauke kayan a makarantar makafin, wata ɗaliba ta taɓa madanni, muryar malamin ta gaishe ta da harshen gidansu. Ta amsa masa.

Ña Celsa, ke ce mai tsaron ƙofar da ba wanda ya san da ita. A watan nan za ki ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu hawa kujerarta, kafin ku ce fayil ya iso, ku duba ko shi ne.