Yatsan Baba a Kujerar Mota

Jiya ɗana ya sayo mota daga Ɗan Issa, ya ce, "Baba, kujerun nan fata ce ko roba?"

Sai mahaifina, majemin fata, ya faɗo mini a rai. Ranar da muka kai shi asibiti Maraɗi, ko zama ba ya iyawa, amma ya lashi yatsa ya dangwala wa kujerar motar da ta ɗauke mu. "Roba ce," ya ce. "Fata tana shanye yawu, don ta taɓa rai." A motar muka maido gawarsa Madarumfa.

Ni ma na lashi yatsa na dangwala wa kujerar motar ɗana, yawun ya tsaya. Ɗana ya yi dariya: "Ai yanzu fatar gasken ma shafe ta ake yi da roba."

Abin da na gada ke nan, shi ma ya daina aiki. Allah ya jiƙan ka, Baba, ya sanyaya makwancinka.