Wayata ce ta je kasuwar Gwiwa

Wayar nan tawa ce. Akuya na sayar na saye ta, ba wanda ya ƙara mini ko sisi. Na fara da wannan ne don a kanta aka yi rigimar.

Shekara tara ina aiki a wani asibitin kuɗi a Kazaure. Shara nake yi da wankin zannuwa, in mace ta zo haihuwa kuma ni ke riƙe ta, don tun ba a gina wurin ba nake ungozoma. Sai mai asibitin ya kawo sabon manaja, sa'an autana. Satinsa biyu ya tara mu, ya ce kowa ya miƙo wayarsa zai saka wani abu da zai riƙa nuna masa inda muke, wai ko za a neme mu da gaggawa. Na miƙa ban tambayi komai ba. Wannan wautata ce.

Da damina yayana ya rasu a Roni. Na karɓi kwana uku na tafi zaman makoki. Ni ba na shiga gidan rasuwa waya na kuka a ƙuguna, sai na bar ta a ɗaki. A gidanmu kuwa waya kamar turmi take, mai buƙata ya ɗauka. Ran kasuwar Gwiwa matar ɗana ta tafi da ita, don in ta gama awo ta kira mai babur.

Da na koma aiki manaja ya kira ni ofis. Ko gaisuwar rasuwa bai yi mini ba. Ya juyo mini da wayarsa, ga wani ɗigo shuɗi a kan taswira.

"Inna, kin ce rasuwa aka yi miki a Roni. Ga ki nan a kasuwar Gwiwa tun hantsi har la'asar."

"Ni ce wannan? Lalle na rame."

"Ba wasa nake ba, Inna. Na'ura ba ta ƙarya."

"Wato ni ke yi? Da bakina zan kashe yayana don in ci kasuwa? Wayar ka bi, ɗan nan, ba ni ba."

Ya turo mini takarda da tawada, ya ce in dangwala. Bai san na zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurata ba. Na ce ya dakata. Na sa yatsa ina bin baƙi ɗaya ɗaya, yana ta kaɗa ƙafa. Takardar ta ce na amsa laifin ƙarya, na kuma yarda a riƙa ganin inda nake ran aiki da ran hutu.

Na ce, "Daga safe zuwa tashi, ƙarfina naka ne. In na fita ƙofar nan, ƙafata tawa ce. Malam maigidana, Allah ya ji ƙansa, shekara arba'in muna tare, shi ma in yana son sanin inda na je tambayata yake. In ɗigo kake so, sayi wayar asibiti ka ba ni, in na tashi in ajiye maka abarka a tebur."

"In ba ki sa hannu ba, babu aiki."

Aikin nan shi ke ci da ni. Amma na jingine tsintsiyar a jikin teburinsa na fita. Na biya wurin mai gyaran waya a bakin tasha, ya cire abin ina tsaye a kansa.

Kwana goma sha biyu ina gida ina ɓarar gyaɗa, ina jin haushin kaina, ina jin nasa. Ran na sha uku da azahar wayar ta yi kuka. Manaja ne. An kawo wata daga wajen Ɓaɓura tana naƙuda, uwarta ta ce ba mai taɓa mata 'ya sai tsohuwar nan da ta karɓi na farin.

"Inna, barka da rana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Yau ka ji rasuwar?"

Can ya ce, "Inna, don Allah kina ina?"

"Yauwa. Haka ake yi, a tambaya. Ina tsakar gidana. Turo babur."

Na je na karɓi haihuwar, mace ce. Tsintsiyata na nan bayan ƙofa. Takardar ban sake ganin ta ba, ban kuma tambaya ba.