Asabe Biyu a Wayar Ruth

Duk macen da ta taɓa zama a gaban Ruth mai kitso, wadda ake kira Maman Joy, a unguwar Television ta san hannunta ba ya wasa. Asalinta 'yar Pankshin ce, amma a Kakuri ta tashi, lokacin mahaifinta yana aikin masaƙa. Da masaƙar ta rufe, ta bar makaranta a aji uku na sakandare, ta kama kitso a ƙofar gida. Shekara ashirin ke nan, yanzu shagonta take da shi mai labule biyu.

Labule na biyun domin matan unguwar Makera ta saka shi. Sukan zo cikin hijabi har ƙasa, ba sa cirewa sai sun shige ciki, don ba sa yarda namijin waje ya ga gashinsu. To amma wace mace ce ba ta son ganin ƙeyarta bayan an gama? Sai Ruth ta fito da tata dabara: ta ɗauki hoton kan, ta tura wa mai shi ita kaɗai ta wasaf, nan take ta goge daga wayarta a gaban idonta. Wannan amana ce ta cika mata shago, kuma tana alfahari da ita ba ta ɓoyewa.

Wata Laraba ta yi wa Asabe matar Malam Zakariyya'u shuku mai kyan gaske. Asaben nan ita ta fara jawo mata matan Makera. Ruth ta ɗauka, ta tura, ta goge, Asabe ta ce sai ta isa gida za ta buɗe data. Bayan rabin awa sai ga kiranta.

"Maman Joy, hoton nan fa bai shigo ba."

Ruth ta duba sunan da ke saman wasaf ɗinta. Asabe biyu ne a wayarta, kuma ɗayar ta tura wa: Asabe Daniel, mai sayar da doya a Gonin Gora, 'yar cocinsu. Matar nan ko hoton tumatir aka tura mata sai ta watsa shi a guruf ɗin coci, inda maza suka fi ɗari. Ga shi Ruth ta riga ta goge saƙon daga nata ɓangaren, babu halin janye shi. Ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Ta ja ƙofar shago, ta tare Keke.

Ta tarar da ita a bakin titi tana jera doya.

"Sista Asabe, abeg, ina wayarki? Na turo miki wani hoto bisa kuskure."

"Na gani tun ɗazu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kan mace a buɗe, ga hijabi a cinyarta. Na san ba nawa ba ne, na goge. Ni mai surutu ce, Ruth, ba mahaukaciya ba."

Ta miƙa mata wayar ta duba da kanta. Ruth ta ji daɗi, ta kuma ji kunyar zaton da ta yi mata.

Da ta yi shiru daga nan, babu mai sani har abada. Amma Ruth ba ta iya cin abinci da magana a ciki. Kai tsaye ta wuce Makera, ta zayyana wa mai kan komai.

"Mutum nawa suka gani?" in ji Asabe, fuska a ɗaure.

"Ɗaya, Hajiya. Mace ce."

"Da ba ki faɗa min ba fa?"

"Da ban sake iya taɓa kanki ba."

Asabe ko rakiya ba ta yi mata ba. Sati uku ba ta leƙo ba, kuma duk hijabin da ya gifta ƙofar shago sai Ruth ta ɗaga kai. Abin ya dame ta ƙwarai, amma ko sau ɗaya ba ta yi da-na-sanin faɗar gaskiya ba.

A sati na huɗu Asabe ta ɗaga labule ta shigo, ta cire hijabi, ta zauna a kan tabarma. Shukun nan ne dai, duk ya tsufa ya yi buzu-buzu.

"Tsefe min, Maman Joy," ta ce. "Na je wurin wata har na zauna, na kasa buɗe mata kaina."